Mota Ɗaya, Titi da Filin Tsere: Wane Takalmin Birki Za a Sa Mata?

Idan ana hirar motoci a bakin aji, gardamar ba ta wuce wace mota ce ta fi gudu. Da wuya ka ji an tambayi wadda ta fi iya tsayawa, alhali ran wanda ke cikin motar a kan tsayawar yake. Yau tsayawar za mu duba, ta hanyar wata matsala da ke damun masu motocin gudu a ƙasashen waje.

A Turai da Amurka da Japan akwai masu motoci irin Porsche 911 da BMW M3 da ke zuwa aiki da su daga Litinin zuwa Juma'a, sannan ranar hutu su biya kuɗi su shiga filin tsere da motar. A Jamus akwai sanannen filin Nurburgring, wanda tsohon zagayensa ya kai kusan kilomita 21, kuma akwai ranakun da ake buɗe shi ga duk wanda ya sayi tikiti, muddin motarsa na da izinin hawa titi. Mai irin wannan mota yana neman birki ɗaya ya yi masa aiki biyu. Shin zai samu?

Birki injin haɗa zafi ne

A bayan kowace taya akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da ita. A gefe da gefen faifan akwai wasu 'yan faranti biyu, su ne takalman birki, waɗanda makanikai ke kira fad. Idan direba ya taka birki, man birki da ke cikin siraran bututu yana tura takalman su matse faifan. Gugar da ke tsakaninsu ce ke rage gudun taya. An daɗe da sanin wannan dabara: Frederick Lanchester ya yi rajistar birki mai faifai a Ingila a 1902, kuma ya yi suna bayan da motar Jaguar mai irinsa ta lashe tseren sa'o'i 24 na Le Mans a Faransa a 1953.

Ku tuna darasin Fiziks: makamashi ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa. Makamashin motsin mota yana komawa zafi a jikin faifai da takalmi, kamar yadda tafin hannunku ke ɗumi idan kun goga su lokacin hunturu. Lissafinsa shi ne nauyi sau gudu sau gudu, a raba biyu.

Mu ɗauki mota mai nauyin kilo 1,500 tana gudun kilomita 100 a sa'a, wato kimanin mita 28 a daƙiƙa. Lissafin zai ba mu jul 588,000. Tafasa lita ɗaya ta ruwa daga digiri 25 na cin jul kusan 315,000, ke nan tsayawa ɗaya ta kusa tafasa lita biyu. Idan gudun ya koma kilomita 200, makamashin yakan ninka sau huɗu, ya kai jul 2,352,000, abin da zai tafasa lita bakwai da rabi. Mafi yawan wannan zafi birki ne ke shanye shi cikin 'yan daƙiƙu, kuma tayoyin gaba ne ke ɗaukar kaso mafi girma, domin nauyin mota na rinjaya gaba idan an taka birki.

A cikin gari direba zai taka birki a danja, ya yi tafiya, faifan ya huce. A filin tsere kuwa, kafin zafin wannan kwana ya fita an iso wata kwanar. Haka zafin ke taruwa zagaye bayan zagaye. A motocin Formula 1 faifan birki kan haura digiri 1,000, har a ga ya yi ja kamar garwashi.

Kowane takalmi da zafin da yake so

Takalmin birki haɗi ne na garin ƙarfe da zaruruwa da wasu sinadarai, an ɗaure su da wani irin ƙaro aka gasa. Bambancin haɗin ne ke fitar da nau'o'insa.

Akwai mai taushi, wanda aka fi yi da zaruruwa da roba da ƙaro. Ba ya ƙara, ba ya cin faifai, yana kamawa tun da sanyin safiya, amma ba ya jure zafi. Akwai na siramik, wanda masu mota ke so saboda ba ya baƙanta taya da ƙura kuma yana daɗewa, sai dai an yi shi ne domin tuƙin yau da kullum. Akwai mai yawan ƙarfe, wanda ya fi waɗannan biyun jure zafi, amma yana da ƙara da ƙura. Sai na tsere zalla, wanda ke riƙe ƙarfinsa ko da zafi ya kai digiri 700 ko fiye.

Idan aka shiga filin tsere da takalmin titi, bayan 'yan zagaye ƙaron da ke ɗaure da shi zai fara ƙonewa, gugar ta ragu. Direba zai ji birkin da tauri a ƙafarsa yadda ya saba, amma motar ta ƙi tsayawa. Wani zai ce to ai sai a sa na tsere a huta. Nan ma akwai haɗari. Da yawa daga takalman tsere ba sa kamawa sosai sai sun yi zafi. Da safe, a taka birkin farko a bakin makaranta yara na tsallaka titi, takalmin yana sanyi, sai motar ta ƙara taku kafin ta tsaya. Ga ƙugi mai ciwon kunne, ga cin faifai kamar faifan takarda. Shi ya sa ake rubuta wa da yawansu a kwali cewa ba na hawa titi ba ne.

To, yaya ake zaɓa?

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Mai motar sai ya fara gaya wa kansa gaskiya: sau nawa yake shiga filin tsere, kuma da wane irin gudu?

Wanda ke zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara, yana kan koyo, takalmin tsaka-tsaki zai ishe shi. Kamfanoni irin Ferodo da Pagid da EBC suna yin irinsa: yana kamawa da sanyi, yana kuma jure zafi fiye da na titi. Ladansa shi ne ɗan ƙara da ƙura, kuma shi ma yana da iyaka idan gudu ya yi tsanani. Wanda kuwa ya ƙware, yake zuwa kowane wata, abin da ya fi masa shi ne ya ajiye saiti biyu. Ya sa na tsere idan zai shiga fili, ya mayar da na titi idan ya gama. A motoci da yawa canjin aikin sa'a guda ne ko ƙasa da haka.

Akwai alamomi da ke taimakawa. A gefen takalman da ake sayarwa a Amurka za ka ga haruffa biyu, kamar FF ko GG. Harafin farko na nuna ƙarfin guga a matsakaicin zafi, na biyu a zafi mai yawa. F na nufin ma'aunin guga tsakanin 0.35 da 0.45, G kuma tsakanin 0.45 da 0.55. Idan harafi na biyu ya gaza na farko, kamar FE, takalmin na raguwa ke nan idan ya yi zafi. A Turai kuma akwai dokar ECE R90, wadda ta ce takalmin canji na titi kada aikinsa ya bambanta da na asalin motar da fiye da kashi 15 cikin 100.

Takalmi kaɗai ba ya tsayar da mota

Abu na farko da ake mantawa shi ne man birki. Idan ya tafasa, tururi zai shiga bututu, kuma tururi yana matsuwa, ba kamar mai ba. A nan direba zai ji birkin ya yi laushi yana nutsewa har ƙasa. Ka ga alamar ta bambanta da ta takalmin da ya gaji. Sabon mai na DOT 3 dole ya jure aƙalla digiri 205, DOT 4 kuma 230, DOT 5.1 kuwa 260. Amma waɗannan mayuka suna shan danshin iska. DOT 4 da ya sha ruwa ma'auninsa kan sauko zuwa digiri 155. Saboda haka masu shiga fili suke sabunta shi a kai a kai.

Na biyu, taya. A tsayawa ɗaya ta gaggawa, takalmin titi mai kyau ma yana da ƙarfin da zai kulle taya. Daga nan abin da ya rage shi ne yadda tayar ta kama kwalta. Takalmin tsere ba ya rage nisan tsayawar farko idan tayar ta suɗe. Amfaninsa shi ne tsayawa ta ashirin ta yi daidai da ta farko.

Na uku, sabon takalmi sai an saba da shi. Ana taka birki da matsakaicin ƙarfi sau da yawa a jere, a wuri mara jama'a, domin wani siririn shafi na takalmin ya kwanta a fuskar faifai, sannan a bari ya huce. Na huɗu, kauri. Takalmin da ya kusa ƙarewa yana saurin miƙa zafi ga man birki, don haka ba a shiga fili da shi.

Darasin ya zo har gida

Wataƙila wani ya ce shi ko keke bai mallaka ba, ina ruwansa da Porsche? Dokar zafin nan ɗaya ce ko'ina. Ita ce ke aiki a gangara irin ta Hawan Kibo a Jihar Filato, inda babbar motar da direbanta ya dogara da birki kaɗai kan tara zafi har birkin ya ƙi ci. Shi ya sa ƙwararrun direbobi ke sauka da ƙaramin giya, inji ya taya birki aiki. Ita ce kuma ke sa takalmin jabu ya yi kamar lafiya lau a cikin gari, ya ba da kunya ranar da aka fi buƙatarsa. Araha ba ta ado. Ku kuma lura cewa waɗancan masu motocin kuɗi suke biya su shiga killataccen fili, inda babu mai tsallaka titi kuma kowa hanya ɗaya ya nufa. Titin unguwa ba wurin gwada gudu ba ne, ko da babur ne.

Ga aikin gida. Babur da direbansa da fasinja nauyinsu ya kai kilo 250. Ku lissafa makamashin da birki zai shanye idan yana gudun mita 10 a daƙiƙa, sannan idan yana gudun mita 20. Sau nawa ya ninka? Ku gwada da abokan ajinku, ku nuna wa malamin Fiziks. Za mu kawo amsar a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.