Hutu a Istanbul: Me ya sa ya kamata ku zaɓi unguwa kafin ku zaɓi otal?

Duk wanda ya taɓa neman masauki a Istanbul ta wayarsa ya san yadda abin yake. Otal-otal bila adadin, kowanne da hoton ɗaki mai sheƙi, kuma kusan kowanne na cewa yana tsakiyar gari. Mafi yawan mutane sai su jera su daga mafi araha, su ɗauki na sama.

A birni mai mutum sama da miliyan 15, wanda ya ratsa nahiyoyi biyu, wannan lissafin yakan jawo da-na-sani. Abubuwan da suka faru a Turkiyya cikin 'yan shekarun nan, daga tsadar rayuwa zuwa sababbin dokoki da gobara da girgizar ƙasa, sun sa kuskure wajen zaɓen masauki ya fi da tsada.

Kuɗin ya rage daraja ta fuska biyu

Turkiyya ta sha fama da hauhawar farashi. A alƙaluman hukuma ya haura kashi 85 cikin 100 a watan Oktoban 2022, ya sake kaiwa kusan kashi 75 a watan Mayun 2024. Darajar lira ta faɗi, amma farashin abinci da tasi da ɗakin kwana ya yi ta hawa, har baƙin da ke riƙe da dala ma suka daina kallon Istanbul a matsayin garin araha. Otal-otal da dama a unguwannin baƙi da yuro suke yanka farashi.

A watan Janairun 2023 aka fara karɓar harajin masauki na kashi biyu cikin 100. Daga Janairun 2024 kuma baƙon da ya je kallon Hagia Sophia yana biyan yuro 25.

Ga ɗan Najeriya, duka biyu ne. Naira da ake canzar da ita ƙasa da 500 kan dala a kasuwar hukuma kafin watan Yunin 2023, ta haura 1,500 a 2024. Shi ya sa matafiyi ke fara neman inda zai rage, kuma idonsa ke fara sauka kan kuɗin otal. Sai dai araha ba ta ado. Abin da aka rage a kuɗin ɗaki sau da yawa a hanya ake biyan sa.

Tarkon nisa

Jiragen da ke tashi kai tsaye daga Abuja da Legas a sabon filin jirgin sama na Istanbul suke sauka, kimanin kilomita 40 daga tsohon gari. A watan Afrilun 2019 aka mayar da jigilar fasinja can daga tsohon filin Ataturk.

A nan tarko na farko yake. Har yanzu akwai otal-otal a kewayen tsohon filin da ke ɗauke da sunan filin jirgi. Baƙo zai kama ɗaki yana zaton yana dab da inda zai sauka, alhali tsakaninsu tafiya ce mai nisa.

Tarko na biyu shi ne unguwannin yammacin birnin irin su Esenyurt da Beylikduzu. Gine-ginen sababbi ne, ɗakunan manya, farashin da sauƙi. Amma zuwa wuraren tarihi daga can yakan ci sama da sa'a guda, a lokacin cunkoso kuma ya fi haka. Mai hutun kwana biyar da ke kashe sa'a uku kullum a hanya ya zubar da sa'a 15, kusan yini biyu na yawo ke nan. Idan gajiya ta sa ya koma hawa tasi, rarar da ya yi ta tafi.

Don haka abin dubawa a taswira shi ne tashar jirgi mafi kusa da otal ɗin, da kuma minti nawa ne a ƙafa. Layin taram na T1 ya ratsa Aksaray da Laleli da Babbar Kasuwa da Sultanahmet da Eminonu har zuwa Kabatas. Layin ƙarƙashin ƙasa na M2 ya bi ta Taksim da Sisli. Jirgin Marmaray yana bi ta ƙarƙashin ruwa ya haɗa ɓangaren Turai da na Asiya. Kati ɗaya mai suna Istanbulkart ake biyan su duka da shi, har da bas da jirgin fito.

Me ya kai ku?

Amsar wannan tambaya ita ce ke zaɓar muku unguwa.

Mai zuwan farko da ke son ganin tarihi, Sultanahmet da Sirkeci suka fi dacewa da shi. Da ƙafa zai je Hagia Sophia da Masallacin Sultan Ahmet da Fadar Topkapi, inda ake ajiye kayayyakin tarihin Musulunci. Daga Eminonu kuma akwai taram zuwa Eyup, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake. Aibin unguwar shi ne tsadar abinci da ƙananan ɗakuna, saboda yawancin otal-otal ɗin tsofaffin gidaje ne aka gyara.

Wanda zai haɗa hutu da sari, kamar yadda 'yan kasuwarmu mata da maza suka saba, Laleli da Aksaray ne wurinsa. Nan shagunan sarin tufafi suke, nan kamfanonin aika kaya suke, kuma taram ya bi ta gabansu. Amma unguwa ce ta hada-hada, kuma wasu lungunan Aksaray da dare ba wurin yawo da iyali ba ne. A tuna kuma Babbar Kasuwa ba ta buɗewa ranar Lahadi.

Taksim da titin Istiklal na masu son shaguna da gidajen abinci da gari mai rai har tsakar dare ne. Mai ƙananan yara ko mai son barci da wuri ya yi tunani, domin akwai mashaya da kiɗa a lunguna da dama. Ga kuma hawa da gangara. Otal ɗin da taswira ta ce mita 300 ne daga tasha yana iya kasancewa a saman tudu mai matakala, abin da zai wahalar da dattijo ko mai jan akwati.

Taksim kuma nan ne hukumomi kan fara rufewa idan siyasa ta yi zafi. An ga haka a watan Maris na 2025 bayan kama magajin garin Istanbul, Ekrem Imamoglu, lokacin da aka rufe wasu tashoshi da hanyoyi. Haka ake yi kusan duk ranar 1 ga Mayu, Ranar Ma'aikata.

A tsallaken ruwa akwai Uskudar, unguwar masallatai da natsuwa, wadda tasha ɗaya ce tsakaninta da Sirkeci a jirgin Marmaray. Kadikoy kuma ta matasa ce da gidajen abinci, jirgin fito na kai mutum Eminonu cikin kamar minti 20 zuwa 25. Wanda jirginsa zai sauka a filin Sabiha Gokcen, wannan ɓangaren ya fi masa kusa.

Gidan haya na 'yan kwanaki

Iyali mai yawa sukan fi son kama gida sukutum ta manhajoji irin su Airbnb, don su dafa nasu abinci. A nan ma doka ta sauya.

Daga 1 ga Janairun 2024, duk mai bayar da hayar gida ta kwana 100 ko ƙasa da haka sai ya samu izini daga Ma'aikatar Al'adu da Yawon Buɗe Ido. A gidan bene mai masu mallaka da yawa, sai dukkansu sun amince, sannan a liƙa allon shaida a ƙofa. Gwamnati ta yi haka ne a daidai lokacin da kuɗin haya ke gagarar 'yan gari.

Tarar kan mai gida take, amma baƙo ne zai tsinci kansa a titi da akwatuna idan aka soke masa ɗaki ana gobe tafiya. Ku nemi lambar izinin kafin ku biya ko sisi.

Akwai wani abu da ke ba baƙi mamaki. A 2017 wata kotu ta hana Booking.com sayar da ɗakunan otal na Turkiyya ga wanda ke cikin ƙasar. Mai cewa zai kama kwana ɗaya, sauran ya nema idan ya isa, gara ya kammala komai tun yana gida.

Abin da hoto ba ya nunawa

Ranar 21 ga Janairun 2025 gobara ta tashi cikin dare a wani otal mai hawa 12 a wurin shaƙatawa na Kartalkaya da ke lardin Bolu. Mutum 78 suka mutu, ciki har da yara da dama da ke hutun makaranta. Waɗanda suka tsira sun ce ba su ji ƙararrawar gobara ba, wasu da zanin gado suka yi ƙoƙarin sauka ta taga. Otal ne na masu hali, abin da ke nuna cewa tsada kaɗai ba ta sayen tsaro.

Wata uku bayan haka, ranar 23 ga Afrilu, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.2 ta kaɗa Istanbul daga Tekun Marmara. Ɓarnar ba ta yi yawa ba, amma ta tuna wa mutane girgizar 1999 da ta kashe sama da mutum 17,000 a yankin. Turkiyya ta tsaurara ƙa'idojin gini a 2007 da 2018, sai dai gine-gine masu ɗimbin yawa a tsofaffin unguwanni sun girmi waɗannan ƙa'idoji.

A nan zaɓin ke yin wuya. Unguwannin da suka fi kusa da wuraren kallo su ne masu tsofaffin gine-gine. Wannan ba ya nufin a guje su. Matambayi ba ya ɓata: ku aika wa otal ɗin saƙo ku tambayi shekarar da aka gina shi ko aka ƙarfafa shi, ko yana da matakalar gudun gobara, ko akwai lifta, ko yana da takardar shaidar ma'aikatar yawon buɗe ido. Otal ɗin da ya yi ta kewaye-kewaye ya riga ya ba ku amsa.

Yadda za a tsara zaɓin

Ku fara rubuta wurare huɗu ko biyar da lallai sai kun je. Ku duba layin jirgin da ya haɗa mafi yawansu. Ku zaɓi unguwa ɗaya ko biyu a kan layin, sannan ku takaita binciken otal a cikinsu kawai.

Idan kun zo karanta ra'ayoyin waɗanda suka kwana, ku fara da na baya-bayan nan da kuma masu ƙorafi. Ƙorafi ɗaya ba komai ba ne. Idan mutum biyar suka ambaci hayaniya, ko ƙwari, ko ɗaki marar taga, to ku yarda da su. Ku tabbatar ko farashin ya haɗa da haraji da karin kumallo, kuma ku fifita ɗakin da za a iya sokewa ba tare da asara ba, musamman idan biza ba ta fito ba tukuna.

Ranar da kuka isa, kafin ku kwance kaya, ku fita ku ga inda matakalar gudun gobara take, ku nuna wa yara. Ba zai ci muku minti biyu ba.