Fadama Ba Fuloti Ba Ce

Duk mai bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ya ga yadda gine-ginen Tambuwal ke cinye gonakin bakin titi. Gari ya bunƙasa, madalla. Amma wa ya shata inda gini zai tsaya? Daga Tambuwal har Kebbe muna kallo burtali na komawa fuloti, itatuwa na komawa gawayi, bulo na gangarawa fadama.

Kada a ce mana ƙaramar hukuma ba ta da iko. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ta hurumin bayar da filayen noma da kiwo a karkara. Kada a ce babu kuɗi: a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yi umarnin biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Hotunan tauraron ɗan'adam kuwa kyauta suke a wayoyinmu.

Ciyamomi, ku zauna da hakimai, manoma da ardo-ardo, ku zana iyakar fadama, burtali da daji, ku liƙa taswirar a sakatariya kowa ya gani. Ranar da burtali ya toshe, shanu gona za su bi, kuma mun san abin da ke biyo baya.