Ra'ayinmu: Kobal a Abincin Dabbobi, a Ciyar da Saniya a Kuma Kare Mai Haɗi

Makiyayi bai jira likitan dabbobi ya gaya masa cewa ciyawa kaɗai ba ta riƙe garke ba. Tun kaka da kakanni ake jiƙa wa shanu kanwa, ana aje musu kantun gishirin da ayari ke ɗaukowa daga Bilma, kuma har gobe, in damina ta ja baya, makiyayan Nijar na kora dabbobinsu zuwa Ingal domin su lashi ƙasa mai gishiri. Abin da ya sauya shi ne inda gishirin ke fitowa. Yanzu a buhu yake zuwa daga masana'anta, ko a dunƙule kamar bulo, ko a garin haɗin da masu gidajen gona ke kira firimis. A jerin sunayen da ke jikin buhun akwai wani da ba kasafai ake kula da shi ba, wato kobal. Wannan sinadari yana raya dabba, amma garinsa na iya nakasa huhun mutumin da ke auna shi.

Amfaninsa ba abin musu ba ne. A tumbin saniya da tunkiya da akuya da raƙumi akwai ƙananan halittu da ke sarrafa kobal su mayar da shi bitamin B12, wanda jiki ke buƙata wajen yin jini da juya abinci ya zama ƙarfi. In babu shi, dabba na tsaye cikin ciyawa shar amma ta ƙi ci, ta rame, gashinta ya yamutse. Haka tumaki da shanu suka yi ta mutuwa a wasu yankunan Ostareliya da Niyu Zilan, har sai a wajen 1935 masu bincike suka gano cewa ƙasar wuraren ce ba ta da isasshen kobal. Da aka fara ba dabbobin ɗan kaɗan, filayen da aka fid da rai da su suka koma wuraren kiwo.

Sai dai kalmar “kaɗan” ita ce ƙashin bayan maganar. Abin da saniya ke buƙata bai wuce miligiram 0.1 zuwa 0.2 a kowane kilo na busasshen abinci ba. Saniyar da ke cin kilo 10 a rana, giram ɗaya na kobal ya ishe ta fiye da shekara guda. Abin da ake buƙatarsa a wannan ƙanƙanta ba a auna shi da cokali ko murfin kwalba, balle a ce “ɗan barbaɗa”. Aikin sikeli ne mai kaifi, da injin da zai gauraya shi ya game ko'ina.

Haɗarin kuwa a ƙura yake. Gishirin kobal da ake sa wa a abincin dabbobi, galibi salfet ko kabonet, gari ne mai launin ja-ja ko ruwan hoda, kuma yana tashi da zarar an zazzage buhu. Wanda ke shaƙarsa yau da gobe na iya kamuwa da asma, fatarsa kuma ta riƙa ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma in jiki ya riga ya ƙi shi, ɗan kaɗan ya isa ya tayar da ciwon. A 2022, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙarfen kobal da gishirinsa masu narkewa a ruwa cikin rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Tarayyar Turai ma ta lissafa salfet da kabonet na kobal cikin sinadaran da shaƙarsu kan iya jawo daji, masu iya taɓa haihuwa, masu kuma guba ga kifi da sauran halittun ruwa.

Haɗiyarsa da yawa ma ta taɓa yin ɓarna. Tsakanin 1965 da 1966, a birnin Kubek na ƙasar Kanada, mutane kusan 50 suka kwanta da wani baƙon ciwon zuciya, kimanin 20 suka mutu. Bincike ya kai ga wani kamfanin giya da ke zuba salfet na kobal domin kumfa ta daɗe a kofi. Da aka daina zubawa, ciwon ya ɗauke. Kafin nan, a shekarun 1950, likitoci sun yi amfani da kobal wajen maganin ƙarancin jini, sai aka lura yana fito wa wasu yara da maƙoƙo.

Akwai masu cewa ana zuzuta abin, kuma ba mu ce ba su da hujja ba. Saniya na iya jure ninki fiye da 100 na abin da take buƙata kafin ya cutar da ita. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta duba nama da madarar dabbobin da ake ba kobal bisa ƙa'ida, ba ta ga abin tsoro ga mai ci ba. Dunƙulen gishirin lasa da ke rataye a turke ba ya tayar da ƙura, kuma kobal ɗin da ke cikinsa ƙalilan ne. Don haka matar da ke turkar ragon layya a bayan ɗaki ba ta da dalilin jefar da gishirinta, mai shan fura da nono kuma ya sha abinsa hankali kwance.

Akwai kuma masu cewa tunda abu ya shiga jerin masu jawo daji, a hana shi kawai. Su ma mun fahimci damuwarsu, amma hanin zai faɗa kan dabbar talaka, ya kuma tura cinikin bayan fage inda babu lakabi babu awo. Turawan da suka fi kowa tsanantawa ma ba su hana ba. A 2013 suka taƙaita shi ga dabbobi masu tuƙa da dawaki da zomaye da makamantansu, suka ce kada jimillarsa ta wuce miligiram 1 a kilo na abinci, suka kuma buɗe hanya ga nau'in da aka mulmula aka lulluɓe don kada ya yi ƙura. Kaji kuwa an cire su daga lissafi, domin kaza bitamin B12 ɗin kansa take buƙata a shirye.

Mu a nan, inda gizo ke saƙar shi ne wurin haɗi. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙaramin injin haɗa abincin dabbobi ya san yadda abin yake: rumfa mai ƙaramar taga, matasa na juya dusa da gari da shebur, fuska fari fat, wani ya ɗaure hanci da tsumma, wani ko oho. A nan ake cin abincin rana, a nan ake ɓare goro. Da yamma a share da tsintsiya, ƙurar da ta kwanta ta sake tashi, a koma gida da kayan aikin a jiki, yara su rungume uba. Buhun da ya ƙare kuma ba a yar da shi, gobe ka gan shi da masara a ciki. Kobal ba dalma ba ce, ba kuma ya kisa irin nata, amma gubar dalmar Zamfara ta koya mana a 2010, da rayukan yara fiye da 400, abin da ƙurar ma'adini ke yi in ta bi mutum har tsakar gida.

Ra'ayinmu shi ne a bar kobal a abincin dabbobi masu tuƙa, amma a raba tsantsar garinsa da hannun jama'a. Kada a sayar da shi a ƙulle-ƙullen leda a kasuwa. Ya tsaya a masana'antun da ke da rajista, masu sikeli da injin zuƙe ƙura, kuma masu shigo da shi su fifita nau'in da aka lulluɓe. Hukumar NAFDAC, wadda rajistar irin waɗannan kayayyaki ke hannunta, ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin buhu da Hausa da Fulatanci, da boko da ajami, tare da hoton da wanda bai yi karatu ba zai gane. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024, da cibiyoyin bincike na Shika da Vom, su auna ƙasa da ciyawar yankunanmu, a san inda ake buƙatar ƙari da inda kuɗi kawai ake zubarwa. Masu haɗa abincin kaji kuma su daina sa shi don tsawaita jerin sunaye a lakabi.

Mai injin haɗi, nauyin yaransa na wuyansa. Ya saya musu takunkumi mai tace ƙura na gaske, wanda ke kama fuska, domin na yadi da muka saba da shi lokacin korona ba ya tare irin wannan gari. Ya ba su safar hannu da tabarau da rigar aiki da za a tuɓe a bari a wurin. A goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, a fitar da ci da sha waje, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci. Mai asma da mai juna biyu kada su kusanci wurin awo. Ruwan wankin kayan aiki kada ya gangara rafi ko tafkin kifi, buhun da ya ƙare kuma a huda shi don kada ya koma rumbu. In gari ya faɗa ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na kusan minti 15. Wanda tari ko shessheƙa ta kama, ya je asibiti ya faɗa wa likita irin aikin da yake yi.

Makiyayi da mai turka kuwa, shawararmu gare su mai sauƙi ce: su sayi dunƙulen lasa ko haɗin da aka riga aka gama, mai lambar rajista, su bi awon da aka rubuta. Ba kowace rama ce ta rashin kobal ba. Tsutsar ciki da sammore da yunwar bazara sun fi yawa, kuma malamin dabbobi ne zai bambance. Ninka awo ba ya ninka ƙiba.

Ana yawan cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma ciwon da ƙura ke ginawa a ƙirji shekara da shekaru, alhali an san maganinsa takunkumi ne da taga da sikeli, sakaci ne. Kuɗin takunkumin lebura bai kai na buhun dusa ɗaya ba, kuma duk gidan gonar da ya iya ciyar da shanu ya iya sayensa.