RA'AYINMU: Likitan Da Ke Duba Kowa, Wa Ke Duba Shi?

Duk wanda ya taɓa kai mahaifiyarsa asibitin gwamnati ya san layin nan da ake kamawa tun bayan sallar asuba. Wanda ake jira a cikin ɗakin shi ne likitan iyali. Zazzaɓi, hawan jini, ciwon suga, tarin yara, duk a gabansa suke fara sauka.

To 'yan uwa matasa, kafin ɗayanmu ya ɗaga masa murya don bai ɗago kai ya dube shi ba, ya yi lissafi. Shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki, shekara 1 ta bautar ƙasa, sannan wasu shekarun na neman ƙwarewa, ga aikin kwana ga jarrabawa. A 2021 sai da likitoci masu neman ƙwarewa suka shafe wata biyu suna yajin aiki saboda albashi da alawus ɗin da aka riƙe musu.

Mahukunta fa? A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba. Da likitoci suka yi ta kwarara Ingila da Saudiyya, sai a 2023 wani ɗan majalisa ya kawo ƙudurin a hana su cikakken lasisi sai sun yi shekara 5 a gida. Abin mamaki! An danne wa mutum haƙƙinsa, kuma ana neman ɗaure masa ƙafa.

In ka raka majinyaci, riƙe masa katinsa da ragowar magungunan da yake sha, ka yi bayani a taƙaice. Layin da ke bayanka ya kai bakin ƙofa.