Daga Bakin Malam: "Mama, Cikina Yana Ciwo"

A wannan wata zancenmu a kan yaron da ke yawan kukan ciwon ciki ne, yau ya warke, jibi ya dawo.

Akwai wata yarinya 'yar shekara bakwai a ajina, kusan kowane mako sai ta kifa kai a kan tebur tana riƙe da ciki. Uwarta ta ce ƙiwuya ce, kakarta kuwa ta yi ta ba ta jar kanwa. Sai na roƙi uwar ta sami ɗan littafi ta riƙa rubuta abu huɗu: ranar da ciwon ya zo, wurin da yarinyar ta nuna da yatsa, abin da ta ci, da kuma yadda bayan gidanta yake. Bayan mako uku suka kai littafin asibiti. Da likita ya duba, ya ga yarinyar takan yi kwana uku ko huɗu ba ta zaga ba, gama tana ƙyamar salgar makaranta, tana riƙewa. Maƙarƙashiya ce. Da magani kaɗan, da yawan shan ruwa, da wake da ganye da gwanda, ciwon ya tafi.

Wannan abu ba baƙo ba ne. A 1958 wani likitan yara a Ingila, John Apley, ya bincika 'yan makaranta dubu ɗaya a Bristol, ya tarar wajen ɗaya cikin goma suna da irin wannan ciwo, watau sau uku ko fiye a tsawon aƙalla wata uku. A yawancinsu ba a sami wata cuta a jiki ba, amma ciwon na gaske ne, ba ƙarya suke yi ba. Ya kuma lura cewa ciwon da ya yi nisa da cibiya shi ne ya fi bukatar bincike.

A ƙasarmu likita zai so a gwada bayan gida domin tsutsar ciki da atini, a gwada fitsari domin tsargiya da ciwon mafitsara, a gwada jini domin sikila. Zai tambaya kuma ko yaron yana tsoron wani abu a makaranta ko a gida, domin damuwa takan sauka a cikin yaro. Idan ciwon ba ya zuwa sai safiyar Litinin, a zauna da shi a ji bakinsa, kada a fara da bulala.

Amma kada a jira rubutun littafi idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwo mai tashin yaro daga barci, jini cikin bayan gida, amai kore, zazzaɓi, ramewa, kumburin ciki ko na maraina, ko ciwon da ya taso daga cibiya ya koma ƙasa wajen dama. A kai shi asibiti a ranar, kada a ba shi maganin wankin ciki, gama idan afendis ne zai ƙara masa haɗari. Asfirin ma ba na yara ba ne.

Uwa, ke ce kike tare da yaron dare da rana, likita kuwa minti kaɗan yake ganinsa. Abin da kika rubuta shi zai nuna masa inda zai fara. Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda.