Zancen Iyali: In Waya Ta Ƙi Magana Da Tukunyar Ɗumi

Yaranmu da dama suna zaune a Ingila, su kan kuma kira iyaye mata su je renon jikoki. A can tukunyar gas ce ke dafa ruwa, ruwan ya zaga ɗakuna cikin bututu ya ɗumama gida. Yanzu kuwa har da ma'aunin zafi da ake ba umurni daga waya ta intanet. To, ranar da waya ta ƙi magana da tukunya, masu gida suna wurin aiki, Mama ce za ta wuni tana rawar ɗari.

Kafin mu kira mai gyara, mu fara duba batirin ma'aunin. Sa'an nan mu tambaya ko an canja kalmar sirri ta Wi-Fi. Da yawa cikin waɗannan na'urori layin 2.4 GHz kaɗai suke bi, ban da na 5. In an haɗa da Alexa, mu duba ko wani tsohon umurni ne ke kashe ɗumi da rana. Allurar da ke jikin tukunya, in ta huce, ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. Buɗe cikin tukunya kam aikin mai lasisin gas ne kaɗai.

Fiye da duka, mu nuna wa Mama maɓallin kunnawa da hannu, domin ko intanet ta ɗauke yana aiki. Hukumomin lafiya na Ingila sun ce ɗaki kada ya gaza digiri 18. Wannan ma girmama iyaye ne. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.