Muhawarar sefa da darasin Tchundjang Pouemi

Duk sanda muhawarar sefa ta tashi, sai an ambaci Farfesa Joseph Tchundjang Pouemi. Ya koyar da tattalin arziki a jami'o'in Yawunde da Abidjan, ya yi aiki a IMF, a 1980 kuma ya fitar da littafinsa kan yadda kuɗi ke bautar da Afirka. Ya rasu a 1984, shekara 9 kafin a zaftare rabin darajar sefa.

To, babban bankin BEAC nan Yawunde yake, amma yaranmu na Briqueterie nawa ke karatun lissafin da zai kai su ciki? Mun iya ƙirga riba a shago, wasu ne ke yanke darajarta. Iyaye, a bar yara su yi nisa a lissafi fa.